Kwanso Goma Sha Biyu a Bayan Rumbu

Ranar wata Alhamis ce a cikin watan Oktoba na 1988, gero ya shigo gida amma dawa tana tsaye a gona. Na dawo daga makaranta da rana tsaka, na wurga jakar littattafaina a ɗakin Kaka, na zagaya bayan rumbu in duba ko kazarta ta yi ƙwai. Ban tarar da ƙwai ba. Abin da na tarar faifai ne a kan wani kifaffen turmi, an jera masa wasu 'yan ƙarafa na tagulla guda goma sha biyu, suna walƙiya har sai da na kanne ido. Kowanne ya kai tsawon yatsan babban mutum, gindinsa da faɗi, wuyansa siriri. A gefe ga ƙwarya da ragowar ruwan tsamiya, da alama da shi aka wanke su. Na ɗauki ɗaya na leƙa cikinsa, na girgiza shi a kunne, na busa. Babu komai a ciki. Ina da shekara goma a lokacin, kuma ban yi shawara da kowa ba na juye su duka a bakin zanena na ƙulle.

Kafin a ce mini ɓarauniya, bari in faɗi dokar gidanmu a Gwandu. Duk abin da aka juye abin cikinsa, na yara ne. Gwangwanin madara, gwangwanin tumatir, kwalbar turare, kwalin ashana, da zarar manya sun gama da su sai a wurga bayan rumbu, wanda ya riga ya ɗauka. Ƙanena Sani yana ƙera mota da nasa, ni kuma ina girkin ƙasa da nawa, in dafa tuwon yashi da miyar ganyen dalbejiya in rarraba wa 'yan tsana. Ba a taɓa tambayar kowa ba, ba a taɓa dukan kowa a kai ba. To a wannan shekara kuma 'yan matan ajinmu haukan tandun kwalli ya kama su. Ƙawata A'i tana da wani na gilashi da gwaggonta ta kawo mata daga Makka, ta hana mu sakat da shi, in ta fito da shi lokacin tara sai ka ce ita ta ƙirƙiro kwalli. Da na ga ƙarafan nan ban ga komai ba sai tandu. A zuba kwalli, a toshe bakin da guntun kara, wa ya isa ya yi mini yanga kuma? Washegari Juma'a na kai su makaranta, na riƙe ɗaya, na rabar da goma sha ɗaya kamar wata hajiyar da ta dawo da tsaraba. Har A'i na ba, don ta san ni ma ina da abin bayarwa.

Na san Baba yana da bindiga, duk unguwa ta sani. Abin da ban sani ba shi ne irinta, kuma sai bayan shekaru Sani ya warware mini. Tun kafin a haife ni Baba ya yi wa wani Bature tuƙi, wanda ya zo aikin gwajin shinkafa a fadamun Gulbin Kabi. Mutumin maharbi ne mai son abin da babu irinsa, ya sa wani maƙerin ƙasarsu ya sake rarake cikin bindigar don ta ɗauki harsashin da shi da kansa ya tsara. Da zai koma gida ya bar wa Baba ita, aka yi mata lasisi da sunan Baba, ya haɗa masa da akwatin katako mai ɗauke da ɗan sikeli, da ƙarafan matsi, da gwangwanayen albarushi, da kawunan harsashi, da kwanso arba'in. Kwanso shi ne ƙoƙon tagullar da ke faɗowa bayan an yi harbi. Mai bindiga irin ta kowa yakan bar shi a ƙasa ya wuce, ya sayi sabon harsashi a kanti. Baba ba shi da kantin zuwa. Duk harbin da ya yi sai ya durƙusa ya lalubo kwanson a ciyawa, ya kawo gida ya wanke, ya sake ɗura shi da hannunsa. A haka wasu suka tsage, wasu suka ɓace a daji, arba'in suka koma goma sha biyu. Idan babu su, bindigar nan sanda ce kawai mai nauyi.

Dalilin wanke su kuwa, saƙo ne ya zo daga Diggi, can ƙasar Kalgo, daga Kawu Manu ƙanen Inna. Tsutsa ta cinye masa gero a shekarar, abin da ya rage masa shi da matarsa da 'ya'ya biyar shi ne dankali da 'yar shinkafar da ya shuka a bakin fadama. Sai ga garken gyado, aladen dajin nan mai haure, ya gano gonar. Da sassafe suke fitowa su tone kunya su tattake shinkafa, kuma bindigar toka ba ta kai musu, don ba sa bari a matso. Baba ya aika masa cewa ya kwantar da hankalinsa, ranar Asabar yana tafe. Mutum ne da ba ya faɗin rana ya saɓa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe da yammacin Alhamis ɗin nan ya fito daga bayan rumbu da faifai a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. “Wa yat taɓa abin da nib bari bayan rumbu?” Ya tambayi Inna. Ya tambayi Sani, ya tambayi ƙananan, ya fita ya tambayi yaran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai ya tsallake, ko kallon inda nake bai yi ba, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ni ce 'yar fari. A gidajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Inna ma haka, in tana so in ɗebo ruwa sai ta ce da bango, “Randa dai ta ƙahe.” Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake, mahaifiyar Baba, ita ce bakina ita ce kunnena. Duk abin da zan faɗa wa iyayena ita nake faɗa wa, duk abin da za su faɗa mini ta wurinta yake biyowa. Ga shi a makon nan Kaka ta tafi Dangoma zaman jegon wata jikarta, sai ta yi kwana arba'in ko kusa.

A wannan yammacin kwanson suna ƙulle a ƙasan tabarmata, duka goma sha biyun. Da na tashi na ɗauko, da labarin ya ƙare a nan. Na daɗe ina cewa kunya ce ta hana ni, kuma akwai kunyar, don ban san ma yadda ake tsayawa a gaban Baba a buɗe baki ba. Amma yau da furfura a kaina ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ga an zane Sani da tsumagiya saboda an san shi da kwashe-kwashe, na ji tsoro. Sannan ina son tandun nan. Na ce a raina ai ƙarfen banza ne, gobe zai manta, manya ba sa daɗewa a kan abin da babu komai a cikinsa. Shi ya sa da gari ya waye na kai su makaranta da ƙafata.

Bai manta ba. Asabar ta zo ta wuce bai je Diggi ba, kuma daga ranar gidanmu bai sake zama daidai ba. Baba ya bi maƙeran Gwandu rumfa rumfa ko wani yaro ya kai musu tagulla. Ya tare masu yawo da buhu suna karɓar tsofaffin ƙarafa, ya sa suka zazzage kayansu a ƙasa. Ya sa aka kwashe tarin karan bayan rumbu, aka tankaɗe ƙasar wurin da rariya. Daga nan ya fara tafiye-tafiye. Ya je Birnin Kebbi wurin wani tsohon ɗan sanda abokinsa, ya dawo da harsashi biyu a aljihu, ɗaya ya ƙi shiga, ɗaya ya shiga yana rawa. Ya je Sakkwato kantin da ake sayar wa masu lasisi, mai kantin ya duba rubutun jikin bindigar ya ce bai taɓa jin sunan ba. Aka ce masa akwai wani a Kaduna, ya kwana biyu a hanya ya dawo hannu wofi da tari. Ya samo kwanson wasu bindigogin ya gwada matse su su koma siffar tasa, wuyansu ya riƙa tsagewa. Ko abinci a tsaye yake ci. In ya zauna a zaure minti kaɗan sai ka ji ya miƙe, ya zagaya bayan rumbu ya tsaya yana kallon turmin nan, sai ka ce za su tsiro.

Ni ma ban zauna ba. A rana ta uku, da na ji Inna tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa in babu ƙarafan nan Manu ya shiga uku, sai na tashi tsaye. Na shiga bin 'yan ajinmu ina roƙo, kuma a nan na gane cewa kyauta tana da sauƙin fita, dawowarta ce aiki. Wadda jiya ta rungume ni yau sai ta murguɗa baki ta ce an ba ta ne, ba aro ta yi ba. Na yi wa wata sharar aji ta sati guda. Na yi wa wata kitso, na ba wata ɗankunnena na Salla, na ɗaukar wa wata tallar ƙuli har kasuwa. Ɗaya ya faɗa rijiya wurin ɗibar ruwa. Biyu suna hannun malamin lissafi, ya ƙwace su don samari sun karɓe suna busa a aji, kuma ko a mafarki ban isa in tunkare shi ba. Wata ta ce uwarta ta saka nata a kayan auren yayarta an kai ƙauye. A'i kuwa, don ta fi kowa iyayi, ta sa wanta ya huda gindin nata da ƙusa ta zura zare ta rataya a wuya. Da na ga hujin nan sai da na zauna a ƙasa. Ban daina zuwa makaranta ba, amma ban san abin da aka koyar a makonnin nan ba. A wasan gaɗa ana tafi ina lissafin wa ta rage, a islamiyya ana biya karatu ina leƙen wuyan mutane.

Bayan sati biyu na haɗa biyar, har da nawa da na A'i, sauran sun salwanta. Sai kuma na rasa yadda zan yi da su. In na mayar bayan rumbu wani yaro zai kwashe, ko a ce Sani ne ya dawo da su a ƙara masa wani dukan. In na ba Inna, da wane baki? Sau uku ina zuwa ƙofar zaure da su a hannu, in hango ƙafafun Baba a kan buzu, in juyo da gudu. Kwana huɗu ina yawo da su a ƙulle a bakin zane, suna bugun cinyata in ina tafiya. A cikin kwanakin nan saƙo na biyu ya zo daga Diggi. Yaran Kawu sun bar makaranta suna tsaron gona da gwangwani da sanda, wani maharbi ya gwada da bindigar toka ya raunata gyado ɗaya, shi kuma ya farke cikin karensa. An ce rabin dankalin ya tafi.

Allah ya taimake ni Kaka ba ta cika arba'in ɗin ba, ta yi faɗa da surukar gidan a kan yajin mai jego ta tattaro kayanta ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta dube ni sama da ƙasa. “Ke, mi ad da ke? Halan ba su ba ki tuwo da ba ni nan?” Na kwance bakin zane na zube mata su a kan tabarma, na faɗi komai ina kuka ina haɗiye majina. Kaka mace ce mai tsokana, ko a gidan mutuwa sai ta samo abin dariya, amma ranar ba ta yi ba. Ta tattara su a tafin hannu ta nufi zaure, ni kuma na bi ta na laɓe a bayan zana.

“Ummaru, ga kayanka,” in ji ta. “Ɓarauniyar da kake bi har Kaduna, ɗakina take kwana. Tandun kwalli ta yi da su.”

Na jira ihu, na jira a ce a kawo tsumagiya. Ta ramin zana ina ganinsa, ya ɗauki ɗaya ya buga a tafin hannunsa, kwalli ya zubo baƙi. Ya ɗaga kowanne ya duba a hasken ƙofa. Ya ware na A'i mai huji gefe, ya ware wani da aka taune wa baki, saura uku. Ya daɗe yana juya su. Sannan ya ce da Kaka, ba tare da ya ɗaga murya ba, “Inna, ki ce ma mai su an gode.”

Yinin ranar a zaure ya yi shi, da akwatin katako a buɗe. Ya wanke ukun nan har sau uku saboda kwallin, ya shanya su a kan gwiwarsa wannan karon, bai matsa ko nan da can ba har suka bushe. Ina kai wa Kaka ruwa ina satar kallo, na ga yadda yake auna albarushi a ɗan sikelin nan yana riƙe numfashi, ya ƙara ƙwaya ya rage ƙwaya, kamar mai auna zinariya. Ban taɓa sanin hannun Baba, da ke murɗa sitiyarin babbar mota, yana iya yin abu a hankali haka ba.

Da asuba Kaka ta tashe ni ta ce in ɗaura zane, da mu za a je. Na ce makaranta fa? Ta ce makarantar ke nan. Muka shiga a-kori-kura ta Birnin Kebbi, muka sauka Kalgo muka sake wata, Baba a gaba da bindigar a naɗe cikin buhu, mu a baya tare da buhunan gishiri da wata akuya. Washegari da sassafe muna gidan Kawu muka ji harbi daga fadama, aka jima muka ji na biyu. Yara suka sheƙo da gudu suna cewa an kashe biyu, har da babban, sauran sun tsallake ruwa. Na ukun Baba bai harba ba, ya dawo da shi a aljihu tare da kwanso biyu da ya tsinto.

Da hantsi Kaka ta ja hannuna zuwa gonar. Na san gonar nan, na taɓa cin ɗanyen dankalinta har cikina ya yi ciwo. Yanzu kunyoyin duk an tone su, ramuka ko'ina, ganye a watse ya bushe, ga guntayen dankali da aka gatsa aka yar suna ruɓewa. Shinkafar ta kwanta cikin laka kamar an yi birgima a kanta. Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mutanen gari sun taru a bakin gonar, wani dattijo yana cewa da an zo tun ranar da aka ce, da ba haka ba. Baba yana tsaye bai kare kansa ba. Ya juya wurin Kawu ya ce, “Manu, laihina na. Ni nib bar su inda ba a bari.” Kawu ya ce, “Haba Malam, bar hwaɗin haka. Ka zo, kuma mun gode.” Daga nan ya hango ni, ya washe baki ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi, uwar masu gida, ya tono wani ɗan dankali da ya tsira ya goge a rigarsa ya miƙo mini. Na karɓa. Ban iya ci ba, ban kuma iya yarwa ba, haka na riƙe shi har muka koma gida.

Abincin bai kai su ko tsakiyar rani ba. Kawu ya tafi ci-rani kudu, wanda bai taɓa yi ba, ya yi shekara biyu yana turin kura a kasuwar da ba ya jin yaren mutanenta, ya dawo da ciwon ƙirjin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Matarsa da yara uku suka zo gidanmu suka zauna har damina, ni da 'yarsa Hajo kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Ban taɓa gaya mata ba. Kaka ba ta faɗa wa kowa ba, Baba kuma ya bar mutanen Diggi a kan cewa sakacinsa ne. Kwanso ukun nan sun yi masa 'yan shekaru, da na ƙarshe ya tsage ya naɗe bindigar ya kai wa hukuma da kansa, ya karɓo takarda.

Yanzu in na je Kalgo injinan ban ruwa ne ke kuka a fadamar, dajin da gyado ke fitowa ya zama gonaki, yaran Diggi ko a hoto ba lallai su gane shi ba. A gidana kuwa 'yar farina tana zama a hannun kujerar babanta ta ƙwace masa waya, ya kira sunanta tun daga ƙofar gida, in ta yi laifi ya zaunar da ita ya wanke ta tas, ta yi kukanta, kafin magariba sun shirya suna dariya. Tsofaffin unguwa suna cewa zamani ya lalace, kunya ta ƙare. Wani lokaci nakan taya su, don na san abin da ke cikin shirun mutanen da, na ga mutumin da ya tsaya a gaban gari ya ɗauki laifin 'yar da bai taɓa kiran sunanta ba. Amma in na ji ana yi wa yarinyar nan faɗa nakan tsaya da abin da nake yi in saurara, kuma ba tausayinta nake ji ba. Baba ya yi shekara ashirin da wani abu a raye bayan wannan lamari, na yi aure, na kai masa jikoki, na yi jinyarsa, bai taɓa tayar da maganar ba ko ta bakin wani. Har yau faɗan nan nake jira.